Shekarar da Si Munsif Ya Fara Ɓata Hanya

Mahdiyya, Mayu 2021

Ƙanwata Rauda,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fata kina lafiya, ke da tsofaffin da kike kula da su a wurin aiki, kuma gwiwar nan ta sassauta miki. Mu nan alhamdu lillahi. Sallah ta wuce mana mu biyu rak, ba idi ba ziyara, don an sake kulle gari. Na dafa kuskus da kifi kamar mai jiran baƙi, muka yi ta cinsa har ya gundure mu.

Kin yi ƙorafi wai ina katse waya da wuri. Gaskiya ne. Kin san gidan namu, in na yi tari a kicin maigidana Si Munsif yana ji daga baranda, kuma abin da ke raina ba na faɗa a kunnensa ba ne. Shi ya sa na koma wa biro da takarda kamar lokacin da kika fara tafiya Liyon, can ƙasar Turawa. Zan ɗauki hotonta in turo miki ta waya.

Rauda, mijina ya fara mantuwa. Ba irin tamu ta neman tabarau alhali yana kan hanci ba.

Tun bara abin ya fito, da aka yi kullen farko. Da can kullum hanyarsa ɗaya ce: masallaci, gidan burodi, sai gidan gahawa na bakin tashar masunta, inda suke karta da amininsa Am Bilgasim har azahar. Da aka rufe waɗannan duka sai ya zama kamar makahon da aka ƙwace wa sanda. Da safe zai goge takalmi, ya sa jar hularsa, ya nufi ƙofa. In ce masa a rufe suke. Ya ce, "Wa ya rasu?" In ba shi labarin korona tun daga farko, ya girgiza kai, ya ce Allah ya kyauta, ya cire hula. Gobe mu sake.

Kin san mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana raba wasiƙu a garin nan, wanda ba ƙofar da bai taɓa ƙwanƙwasa ba. To kafin azumi na aike shi sayen burodi, ya daɗe bai dawo ba. Am Bilgasim ne ya tsince shi a jikin katangar maƙabartar bakin teku, burodin a hammata, yana kallon hanyoyi. Da ya shigo sai ya ce mini, "Sun canza wa ƙofofi fenti, duk sun rikita gari."

Wanda ya fi tsaya mini a rai kuwa, rannan na dawo daga kantin magani da takunkumi a fuska. Ya buɗe mini ƙofa, ya ce cikin ladabi, "Baiwar Allah, uwargidan ta fita, ko akwai saƙo?" Na janye takunkumin. Ya yi dariya, wai tsokanata yake. Amma ya wuce ciki bai yarda mun haɗa ido ba.

Na kai shi wurin likita a birnin Susa. Likitan ya keɓe ni ya ce cutar mantuwa ce, tana farko-farko. Ya ba da ƙwayoyi, ya ce a bar shi ya riƙa tafiya yana cuɗanya da mutane. Na ce, "Likita, waɗanne mutane? Ai su aka ce mu guje wa." Shi ma dariya ya yi. Si Munsif dai na gaya masa maganin hawan jini ne.

Ɗanmu Nizar yana kira daga Doha duk Juma'a. In ka ga uban a waya sai ka rantse lafiyarsa ƙalau, yana ta barkwanci. Yana ajiyewa sai ya kwanta kamar wanda ya yi dako. Nizar bai san komai ba. Ni dai ba zan iya gaya masa da bakina ba.

Mutumin naki ya ce in gaishe da Baturiya, wai ko har yanzu shayinki kamar ruwan wanki yake.

Yayarki,
Shadliya

Liyon, Mayu 2021

Yaya Shadliya,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya, gwiwa tana nan da halinta. Na karanta takardarki a ɗakin canza kaya, na zauna a kan benci na kasa sa takalmi.

Me ya sa kika yi shekara kina haɗiye wannan ke kaɗai? Ni da aikina ke nan? Ki saurare ni, Yaya, ba don na fi ki hankali ba, sai don na ga ƙarshen hanyar da kuke farkonta.

Ki riƙa kulle ƙofa ki ɓoye makulli. Ki rufe gas daga tukunyarsa duk kika gama girki. Kada ki sake aikensa ko ina shi kaɗai. In ya faɗi abin da ba haka ba, kada ki yi masa gardama, ba riba. Muna da wani dattijo a nan, injiniya ne a da, mai tsafta da fara'a kamar Si Munsif. Ya fita cikin sanyi da silifa, wai zai tari matarsa a tasha, matar da ta daɗe a ƙasa. Sai washegari aka same shi. Ba zan gaya miki sauran ba.

Bara a gidan nan mun rasa tsofaffi da yawa. Waɗansu ba korona ce ta kashe su ba. An hana 'ya'yansu shigowa, mu kuma muna zuwa musu a rufe ruf kamar aljanu, sai suka daina cin abinci. Shi ya sa labarin takunkumin nan ya tsorata ni.

Maganar Nizar kuwa, na gane abin da kike nufi, kuma na ɗauke miki. Jiya na kira shi na gaya masa komai a hankali. Ya yi kuka, amma namiji ne, zai daure. Uwa ba ta iya faɗin irin wannan, don haka Allah ya yi inna.

An yi muku rigakafin? Ki gaya mini gaskiya.

Ki ce wa surukina shayina ya fi ƙarfin wanda ya saba da ruwan ɗumi.

Taki,
Rauda

Mahdiyya, Yuni 2021

Rauda,

Muna lafiya. An yi wa Si Munsif allura biyu saboda shekarunsa, ni layi bai zo kaina ba tukuna.

Wa ya aike ki? Na ce ba zan iya gaya wa Nizar ba, ban ce ki gaya masa ba. Koma ki karanta. In ina son aike ai na san yadda ake aike.

Ga abin da kika jawo. Ranar Juma'a ya kira, ido jawur. Maimakon hirar ƙwallo da suka saba, sai ya shiga magana da ubansa a hankali, da ƙarfi, kamar mai magana da kurma. Can sai ya ce, "Baba, ka gane ni? Wane ne ni?" Si Munsif ya kalli wayar, ya kalle ni. Ya ce, "Kai ne wanda na yi wa kaciya kana ihu har maƙwabta suka leƙo." Ya miƙo mini wayar ya shige ɗaki. Ranar bai ci komai ba. Wannan hirar ta Juma'a ita kaɗai ta rage masa inda yake cikakken mutum, ita ma kin karɓe.

Shawararki ta makulli ma na gwada. Ya sa hula, ya murɗa ƙofa, ya sake murɗawa. Bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi. Juyowa ya yi ya ce, "Shadliya, laifin me na yi?" Na ciro makullin daga cikin tulun man zaitun inda na rataye shi, na buɗe masa. Yanzu tare muke fita da hantsi, mu zaga ta bakin teku mu dawo. Shi ke gaba, ni ina baya kaɗan. In ya tsaya a mararraba sai in yi kamar ina gyara takalmi ta ɓangaren da za mu bi.

Tsofaffinki kina wanke su, kina ba su abinci, Allah ya ba ki lada. Amma ba ki san su suna samari ba. Ni wannan na san shi yana hawa bene da gudu da jakar wasiƙu a kafaɗa.

Ki bar ni tukuna. In na huce zan neme ki.

Shadliya

Liyon, ƙarshen Yuni 2021

Yaya,

Ina gaisuwa. Na koma na karanta, kuma ke ce da gaskiya. Abin da nake son gani na gani, ba abin da kika rubuta ba. Ki yafe mini.

Ina ganin labaran gida a talabijin, an ce asibitoci sun cika, iskar numfashi tana ƙaranci. Ba sai kin yi mini magana ba. Ki turo ko da ɗigo ɗaya ne in san kuna numfashi.

Rauda

Mahdiyya

Zuwa ga Malama Rauda, ƙanwar matata.

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ina lafiya. Ina fata aiki da sauƙi.

Na ga adireshinki a bayan wani tsohon ambulan, na ce bari in sanar da ke, don haƙƙinki ne ki sani. Shadliya ta tafi. Sun zo da farar mota suka ɗauke ta. Mutanen duk a rufe suke, ita ma sun rufe mata fuska, ban samu na gan ta da kyau ba. Na ce zan bi, suka ce ba a bi. Na tsaya a ƙofa har motar ta sha kwana.

Gidan ya yi shiru. Mayafinta yana nan a kan kujera, ban taɓa ba.

Bilgasim yana kwana a nan. Ban gayyace shi ba. Yana minshari, kuma yana cuta a karta.

Mace ce ta kirki. Ban taɓa gaya mata sosai ba. Akwai abin da nake son in faɗa miki game da kaina, amma ya tafi. In ya dawo zan rubuto.

Na manna kan sarki da hannuna, zan kai gidan waya da kaina. Kada ki damu da ni.

Naki,
Munsif

Liyon, Yuli 2021

Yaya Shadliya,

Ban san ranar da za ki iya karanta wannan ba, amma zan turo ta wayarki ta jira ki. Allah ya tashi kafaɗarki.

Yau na dawo daga aiki na tarar da ambulan a akwatina, da rubutun Si Munsif, wannan mai kyau kamar na ɗab'i. Ba kwanan wata. Na buɗe a tsaye a bakin bene. "Shadliya ta tafi, sun rufe mata fuska, ba a bi." Yaya, me za ki fahimta in ke ce? Haka ake ɗaukar gawa a wannan zamani, na gani da idona ba sau ɗaya ba. Na zauna a kan matakala na yi miki kukan mutuwa. Abin da ke ta yi mini yawo a kai shi ne kin tafi kina fushi da ni.

Na kira wayarki a kashe. Na kira Nizar bai ɗauka ba, yana wurin aiki. Har na fara yi miki addu'ar mamaci kafin ya kira. Ya ce kina asibiti, an sa miki iska, fuskar da aka rufe abin numfashi ne. Ya ce tun kina gida da zazzaɓi kika hana shi gaya mini, wai kada hankalina ya tashi. Na zage shi tas, sannan na sa masa albarka.

Na nemi jirgi. Sun ce ko na iso sai an killace ni, kuma asibiti ba za su bar ni shiga ba. Ga ni nan zaune, ina shafa wa iyayen wasu mai a baya, tawa 'yar'uwar tana can.

Na samu Am Bilgasim a waya. Ya ce shi ma an yi masa allura, don haka ya kwaso tabarmarsa ya tare a gidanku. Na fara jero masa dokoki sai ya katse ni: "'Yata, na san Munsif tun ba ki da haƙori. Yana ci, yana wanka, yana zagina. Me kuma kike so?" Na ajiye sauran dokokin. Ina koyo.

Ki dawo, Yaya. Ki dawo ki ci gaba da fushin, na yarda.

Rauda

Mahdiyya, Agusta 2021

Ƙanwata,

Sallama. Ga ni, ban tafi ba. Rubutun zai karkace don hannuna bai gama dawowa ba. Numfashi ma in na hau bene sai na huta a tsakiya. Amma ina cin abinci, jiya har na soya ƙwai da kaina. Fushi kuwa na bar shi a gadon asibiti. Wanda ya ga ana fitar da maƙwabciyar gadonsa a lulluɓe ba ya dawowa da ƙananan kaya.

Can ba mutuwa nake tsoro ba. Tunanina ɗaya: da safe zai sa hula, wa zai gaya masa?

Ashe Am Bilgasim ya sha fama. Kullum Si Munsif zai farka ya leƙa kicin ya ce, "Ina Shadliya?" A gaya masa, ya ji kamar yau aka ɗauke ni. Da abin ya ishi Am Bilgasim sai ya ce masa, "Tashi mu je ka gan ta, ka ƙyale ni in sha gahawata." Ya kai shi bayan katangar asibiti, ya nuna wata taga a sama, ya ce ga ɗakinta can. Suka ɗaga hannu. Sai kuwa wata mace ta ɗago musu daga ciki. Daga ranar kullum da la'asar suna can, tsofaffi biyu a rana, suna ɗaga hannu, ana ɗago musu. Ya dawo gida ya ci abinci ya yi barci.

Rauda, ni ɗakina ta ɗaya gefen yake, bangon wurin ajiye motoci nake kallo. Da na tambayi Am Bilgasim sai ya ce, "To ni na sani? Taga dai taga ce." Wata nas ta gaya mini matar wata tsohuwa ce daga ƙauye, ba mai zuwa wurinta. Wai da la'asar ta yi sai ta ce a tayar da ita zaune, mutanenta sun zo. An sallame ta kafin ni. Ban san sunanta ba, amma ina sa ta a addu'a.

Ranar da na dawo, tun a mota na cire takunkumi. Ya buɗe ƙofa ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Kin rame. Ba sa ba ku abinci ne?" Sai ya riƙe hannun rigata, bai saki ba har na zauna.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. Shekaranjiya da yamma muna saman bene ina tsince na'ana'a, shi yana kallon jiragen masunta suna fita. Ranar kansa a sarari yake, akwai ranaku irin haka. Ba tare da ya juyo ba ya ce, "Ƙwayoyin nan ba na hawan jini ba ne."

Na ce, "Wa ya gaya maka?"

Ya ce, "Ƙofar likitan Susa ba ta rufuwa da kyau. Na ji komai. Na ga kina so ki ɓoye, na ce bari in taya ki."

Ashe duk watannin nan ni ina lallaɓa shi, shi yana lallaɓa ni.

Ya ce, "Kin tuna babana a ƙarshensa? Yadda yake zagin innata, yana ce mata ɓarauniya, ita kuwa ta hana kowa shigowa don kada a gani? Ta riga shi mutuwa, Shadliya. Gajiya ce ta kashe ta." Sannan ya ce, "Ina so in yi magana yanzu da nake ni. In na fara faɗa miki abin da bai dace ba, ki sani ba ni ba ne. In na kai inda sai an kulle ƙofa, ki kulle, na ba ki izini, amma ba yanzu ba. Kuma kada ki ɗauke ni ke kaɗai. Ki kira yaron. Ki kira Baturiya, aikinta ne, ko da yake bakinta ya yi yawa."

Na ce, "To kai fa, me kake tsoro?"

Ya ce, "Kada in riga ki mantawa da ke, ki zauna da baƙo a gida."

Na ce masa ai na saba, tun ranar da aka kawo ni gidansu baƙo na tarar, kuma ban gudu ba. Ya yi dariya har da tari. Muka zauna har aka kira magariba, ya sauko yana riƙe da ni a matakala, don yanzu ni ce mai jiri.

Jiya da safe na ce masa, "Maganarmu ta saman bene, na yi tunani, na yarda." Ya ce, "Wace magana?" Na ce ba komai, maganar na'ana'a ce. Ya ce a ƙara mata ruwa.

Don haka na rubuta miki ita yadda ya faɗa, tun ban fara shakkar kunnena ba. Na karanta wa Nizar a waya. Ya nemi hutu, zai zo da zarar an sassauta. Na ce masa in ya zo hirar ƙwallo zai yi da ubansa, ba jarrabawa ba. An yi mini allurar farko, za a kira ni ta biyu. An mayar da kujeru gidan gahawa, Am Bilgasim yana zuwa ɗaukarsa da hantsi, ni kuma in samu in kwanta.

Ke ma ki nemi hutu. Ki zo da duk abin da kika sani, zan saurara, in dai za ki faɗa a hankali. Na gyara miki ƙaramin ɗaki. Kada ki ce sai bazara mai zuwa, Rauda. Ki zo yanzu da zai buɗe ƙofa ya ce miki Baturiya.

Yayarki,
Shadliya